Injin Walda da Ya Manta Wuta

Tun kafin walda ta iso ƙasar Hausa akwai mai haɗa ƙarfe da ƙarfe, wato maƙeri. In fartanya ta tsage, ko kan gatari ya dare, wurinsa ake kai su, ya sa yaro ya yi ta zuga har bakunan biyu su yi fari fat, sa'an nan ya kama da awartaki ya aza bisa uwar maƙera, ya bi su da masaba har su zama abu ɗaya. Walda kuwa da wata dabara ta zo. Maimakon gawayi da zuga-zugi, wutar lantarki ce ake sa ta yi tsalle daga kan tsinke zuwa jikin ƙarfe, zafin wannan tsalle ya narkar da bakunan tare da tsinken, su gauraya su daskare. Wani mutumin Rasha, Nikolai Benardos, yana cikin waɗanda suka fara yin haka da sandar gawayi a shekarun 1880, daga baya Oscar Kjellberg na ƙasar Suwidin ya fito da tsinke mai rufi a 1907, kakan irin wanda ake saye a kwali yau. Sai dai ita wannan dabara tana da sharaɗin da maƙeri bai san da shi ba, wato sai da wuta mai ƙarfi wadda ba za ta ɗauke ana tsakiyar aiki ba.

Wannan sharaɗi shi ya ba injin walda mai ba kansa wuta daraja a Dutse. Ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanki Jihar Jigawa daga Jihar Kano, aka ce Dutse ce hedkwata, alhali kuwa garin bai wuce 'yan unguwanni a gindin duwatsu da gonakin dabino ba, ga tsohuwar fada can a Garu. Nan da nan gini ya tashi ta ko'ina. Kowane gida yana son ƙofar ƙarfe da tagogi da hasumiyar tankin ruwa, kuma yawancin filayen da ake ginin turakun lantarki ba su kai can ba tukuna. Wanda yake da injin da za a ja har bakin aiki, a tayar da shi ya ba da wutarsa, shi ne ɗan gata a wancan lokaci.

Cikin waɗanda suka samu wannan gata akwai wani mai walda, ɗan gidan maƙera, wanda ya sayi irin wannan inji a gwanjon wani kamfanin gina hanya cikin shekarun farko na jihar. Tun ran da ya saye shi tsoho ne. Gabansa injin Lister ne mai silinda biyu, mai shan man gas, wanda iska ke sanyaya shi, ƙirar kamfanin nan na garin Dursley a Ingila da aka kafa a 1867, wanda injinansa suka daɗe suna niƙa hatsi da jawo ruwa a ƙauyukan Arewa har sunan ya zama Lista a bakin kowa. Bayansa kuwa janareta ce mai kama da ganga, an ɗaure su kan ƙarfe ɗaya mai ƙafa biyu. Farantin da ke ɗauke da sunan janaretar ya shuɗe tun ba yau ba. Da wannan inji mutumin ya ciyar da gida fiye da shekara ashirin, ya aurar da 'ya'ya, har ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Aka tura injin ƙarƙashin wata rumfar kwano a bayan gida, aka rufe shi da tsohon tamfol, damina bakwai ta wuce ta kansa. A ƙarshen 2023 Allah ya yi wa mai shi rasuwa, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar, uku maza biyu mata.

Da aka zo lissafin abin da ya bari, injin ya shiga cikin gado kamar yadda akuya da buhun gero suka shiga. 'Yan gwangwan ba su yi sanya ba. Su dai ba ruwansu da ko yana tashi, nauyinsa suke so, musamman jan ƙarfen da ke naɗe a cikin janaretar, kuma sun yi tayi a take, kuɗi hannu. Babban wa ya ga a sayar, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023 kome ya yi tsada, ga marayu mata suna jiran haƙƙinsu, ga kuma ƙananan injinan walda 'yan Sin da mutum zai rataya a kafaɗa sun cika kasuwa. Ƙaramin cikin mazan, wanda gida ke kira Auta, shi kaɗai ya ƙi. Shi ne ya riƙe wa mahaifinsu waya yana yaro, ya koyi walda a gindin wannan inji, kuma tun da aka ajiye shi a shagon wani yake aiki, ana zaman jiran a kawo wuta, wata rana a yini ba a ƙona tsinke ko guda ba. Ya roƙi a ba shi lokaci. Aka yi ta kai-komo har bayan ƙaramar sallar 2024, sa'an nan mahaifiyarsu ta raba gardama, ta ce a bar masa zuwa babbar salla. In ya tashi ya yi walda, a yi masa ƙima a sa a rabonsa. In bai tashi ba, a kira masu sikeli.

Auta mai walda ne, ba makanike ba. Saboda haka ya tafi wurin aminin mahaifinsa, wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran injinan niƙa da na ban-ruwa tsakanin Dutse da Kiyawa da Jahun. Dattijon ya zo ya yaye tamfol, ya zagaya injin sau biyu bai taɓa kome ba, sa'an nan ya ce, "Ɗana, abin da kake gani ba abu ɗaya ba ne. Sa ne da amalanke. Gaba shi ke ja, baya ita ke ɗaukar kaya. In ka haɗa ciwonsu wuri ɗaya ba za ka warkar da ko guda ba. Mu fara ta da san. Kada ka ƙara yi mini maganar wuta sai ka ji shi yana tafiya daidai."

"To, Baba," in ji Auta, "in kuma mun gama wahalar san, muka tarar amalanken ta ruɓe fa?"

"Sai mu sayar da sa mai rai. Ya fi mushe kuɗi."

Da aka sa hannun tayarwa aka danna, ko motsi. Fistin ya kafe a cikin silinda, domin damshin damina ya bi ta salansa ya sauka, tsatsa ta ɗaure zobba. A nan ne masu gaggawa kan kashe inji da hannunsu, su sa dogon bututu a kan sufana su hau da ƙarfi, sai sandar fistin ta lanƙwashe ko zobe ya karye ya kwarzane bangon silinda. Dattijo ya kwance nozul biyun, ya tsiyaya kananzir gauraye da baƙin mai ta ramukansu, ya toshe da tsumma, ya ce a bar shi ya sha. Kullum da safe Auta ya zo ya kama babbar ƙafar nan mai nauyi ya girgiza ta gaba da baya, kaɗan-kaɗan, ya ƙara kananzir, ya tafi. Kwana tara ana haka, kwanakin da aka ɗiba masa suna ta zuba. Ran na goma ƙafar ta gusa kamar faɗin yatsa. Da la'asar ta kewaya.

Sauran aikin san mai yawa ne amma ba mai wuyar ganewa ba. An zubar da tsohon baƙin mai da ya koma kamar kwalta. An sauke tanki, aka tarar man da ya kwana a ciki ya zama danƙo, ga ruwa kwance a ƙasa, domin ruwa ya fi man gas nauyi. An sauya matacin mai. Tsakanin haƙarƙarin silinda, inda iska ke bi ta kwashe zafi, zanzaro ya gina gidaje sun toshe hanya ƙam, sai da aka bi su da tsinken keke ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya bar wannan, injinsa zai tashi lafiya, amma ba zai yi rabin sa'a ba sai ya ɗau zafin da zai sake kafe shi.

Inda dattijon ya daɗe shi ne kan nozul. Injin gas ba shi da fulogi irin na injin fetur. Iska yake matsewa har ta koma kamar kashi ɗaya cikin goma sha shida na yadda ta shiga, matsin ya sa zafinta ya haura digiri 500, sa'an nan nozul ya feso mai a cikinta ya kama da kansa. To, man ba zai kama ba sai ya fito kamar hazo. Ya ɗaura kowane nozul a bututunsa a waje, ya sa Auta ya juya hannu. Na farko ya yi ƙara ƙyat-ƙyat yana fesa hazo. Na biyu kuwa ɗiga yake kamar bakin buta. Auta ya miƙa yatsa zai taɓa, dattijon ya buge hannun, domin feshin nozul yana da ƙarfin huda fata, kuma man da ya shiga tsoka ta haka yakan jawo a yanke yatsa. Mai ɗigan nan bai gyaru da wanki ba. Dole Auta ya bi motar Kano ta Gaya da Wudil, ya yini a kasuwar Ƙofar Ruwa yana nuna tsohon daga rumfa zuwa rumfa, har ya samu irinsa a wurin wani mai kwance tsofaffin injina. Kuɗin motar da na nozul daga sayar da wayarsa suka fito.

Akwai wani ƙarfe a jikin injin da makanikai ke kira gwamna, kuma sunan ya dace da shi, domin shi ke hana inji wuce iyaka. In gudu ya yi yawa ya rage mai, in kaya ya yi nauyi ya ƙara. Yana yin haka ne ta wata 'yar sanda da ke zamewa a jikin famfon mai. In sandar nan ta kafe a buɗe aka tayar da inji, zai yi ta ƙara gudu ba mai tsayar da shi har ya watse. Dattijo ya yi ta wasa da ita da yatsa yana ɗiga mata mai sai da ta riƙa komawa da kanta. Duk da haka, ran da za a tayar, ya ba wani yaro guntun katako ya tsayar da shi a bakin mashigar iska, ya ce in ya ji ya yi tsawa ya toshe. Aka sassauta notin bututu aka fitar da iskar da ta shiga hanyar mai har kumfa ya ƙare. Aka ɗaga 'yan maratayan da ke buɗe bawul don a rage matsi. Auta ya kama hannu, babban yatsansa a gefe ɗaya da sauran kamar yadda aka koya masa, don kada inji ya mayar da bugu ya karya shi. Ya juya, ya juya, ƙafa ta ɗau gudu, dattijo ya sauke marataya ɗaya. Inji ya yi tari, ya tofar da farin hayaƙi, ya yi shiru. A karo na huɗu ya kama. Aka sauke ta biyu, sai ga tsohuwar muryar nan da duk unguwa ta sani, har mata suna leƙowa ta kan katanga.

Dattijo bai kula da murnar da ake yi ba, hayaƙi yake kallo. Fari, in ji shi, mai ne da bai ƙone ba, kuma zai wuce in inji ya yi ɗumi. Baƙi, mai ya fi iska yawa. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke haurawa ta gefen zobba yana ƙonewa. Farin ya wuce. Shuɗi-shuɗi ya rage a silinda ɗaya, bai wuce ba.

Auta ya jona wayoyi, ya maƙala tsinke, ya sauke gilashi a fuska, ya ƙyasta a jikin wani guntun ƙarfe. Ba kome. Ya sake ƙyastawa, ya murɗa abin ƙara wuta har ƙarshe. Ko ƙyallin da ashana ke yi bai gani ba. Inji yana ta ruri, yana shan man da aka saya da tsada, baya kuwa shiru kamar an jona tsinken a jikin bishiya. Saura kwana ashirin da 'yan kai salla.

A daren nan kowa ya zama masani. Masu walda na bakin titi suka ce koyil ya ƙone, sai sabon naɗi, kuma kuɗin jan ƙarfen naɗin kaɗai ya kusa abin da 'yan gwangwan suka taya. Babban wa bai yi dariya ba, ya dai ce, "Auta, ka yi iyakar ƙoƙarinka. Kada ka zuba abin da ba ka da shi a rijiya." Shi kuwa dattijo ya ce iyakar saninsa ke nan, amalanke ba tasa ba ce, amma ya san wanda za a kira. Wani mai gyaran wutar mota ne a wajen Shuwarin, irin waɗanda ake ce wa riwaya. Kalmar daga Ingilishi ta zo, ba ta da dangantaka da riwayar malaman hadisi, ko da yake shi ma aikinsa bin salsala ne, daga wannan waya zuwa waccan, har a gano inda zance ya yanke.

Mutumin ya zo da kayan aikin da ba su cika aljihu ba: ƙwan fitilar mota mai waya biyu, da batir, da guntun zarto, da samfefa. Da aka buɗe murfin janareta, hanci ya fara sawa. Koyil ɗin da ya ƙone, in ji shi, warinsa ba ya barin inji ko bayan shekara goma, kuma wannan ƙurar ɓera kawai yake ji. Sa'an nan ya bi naɗe-naɗen ɗaya bayan ɗaya da ƙwan fitilarsa. In ya taɓa bakin waya biyu na naɗi ɗaya fitila ta kama, naɗin bai tsinke ba. In ya taɓa waya da gangar jikin inji fitila ta kama, to rufin wayar ya ci, wuta tana zurarewa. Duk suka fita lafiya, sai waya ɗaya da ke zuwa abin ƙara wuta, wadda ɓera ya gaigaye saura 'yan siraran zare, ya yanke ya sabunta ta.

Daga nan ya koma kan amaca, wato naɗin da ke juyawa a tsakiya. A ƙarshenta akwai wani zobe na 'yan sandunan jan ƙarfe jere da juna, tsakanin kowane biyu da siririn abin da ke raba su, kuma a kan zoben nan ne gawayin da ake kira burushi ke gugawa yana kwasar wuta. Zoben ya yi baƙi da kore. Burushi biyu sun manne a gidajensu, sifirin ɗinsu ya yi tsatsa, ko taɓa zoben ba sa yi. Ya goge zoben da samfefa ta yashi, ya kuma ja kunnen Auta kada ya kuskura ya sa baƙar samfefar ƙarfe a wurin, domin garinta yana ɗaukar wuta, in ya shiga tsakanin sandunan sai ya haɗa su. Ya wasa guntun zartonsa ya yi siriri, ya bi kowane tsagi yana rage abin da ke tsakani har ya koma ƙasa da jan ƙarfen, don burushi ya zauna sosai. Yini biyu ya yi a kan wannan, a durƙushe. Sababbin burushin da aka samo sun fi gidan girma, ya goge su suka shiga, ya sa samfefa a ƙarƙashinsu yana ja har bakinsu ya ɗauki lanƙwasar zoben.

Aka tayar. Auta ya ƙyasta. Ba kome.

Riwaya bai nuna damuwa ba. Ya sa aka kashe inji, ya wanke hannu, ya tambayi shekara nawa aka yi ba a yi walda da shi ba. Da aka ce bakwai, sai ya kaɗa kai ya ce, "Lafiyarsa lau. Mantawa ya yi."

Wannan magana ta cancanci a tsaya a kanta, domin ba wasa ya yi ba, kuma da wuya littafin makaranta ya faɗi abin a taƙaice fiye da haka. Janareta tana haifar da wuta ne in naɗin waya ya gifta ta gaban mayen ƙarfe, abin da Michael Faraday ya gano a 1831. Amma irin wannan janareta ba ta da mayen ƙarfe na dindindin. Ƙarafan da ke kewaye da amaca ba sa zama maye sai wuta ta bi naɗin da ke jikinsu, kuma wutar daga ita janaretar take fitowa. Mai karatu zai ce, to wa ya riga wani? Ba maye sai da wuta, ba wuta sai da maye. Amsar ita ce, duk ran da aka kashe inji, ƙarfen yakan riƙe ɗan ragowar maganaɗisu, kamar yadda garwashi ke kwana cikin toka. In an tayar gobe, ragowar nan ta haifi 'yar wuta, 'yar wutar ta bi naɗi ta ƙara wa maye ƙarfi, maye ya ƙara wuta, haka-haka cikin ƙiftawar ido har ta cika. Werner Siemens na Jamus da Charles Wheatstone na Ingila su suka bayyana wannan a 1867. To, in inji ya daɗe a ajiye, ko ya sha bugu da jijjiga, ragowar takan dushe. Kome na jikinsa lafiya, amma ba garwashin da za a hura. Injina nawa irin wannan aka fasa aka auna a sikeli da sunan koyil ya ƙone, Allah kaɗai ya sani.

Maganin kuwa ɗiban wuta ne daga maƙwabta. Riwaya ya ɗaga burushi, ya laluba ya gane wace waya ce ta ɗauki wuta wace ce ta mayar, ya yi musu alama da alli, domin in aka juya su inji zai tuna aikinsa a baibai, wayar tsinke ta koma ta ƙasa. Ya ɗauko batir mai bolt 12, ya ɗana a bakin naɗin, ya ƙirga uku, ya cire, tartsatsi ya yi ɗan tsalle. Ya mayar da burushi. "Na tuna masa," in ji shi. "Tayar."

Ya maƙala ƙwan fitilar gida a bakin wayoyin walda. Da inji ya ɗau gudu, zaren ƙwan ya yi ja kamar bakin sigari, ya ƙaru, ya tsaya. Irin wannan inji yakan ba da bolt 60 zuwa 80 in ba a walda, ya sauko tsakanin 20 da 30 in tsinke ya kama, don haka ƙwan gida ba zai yi haske sosai ba, kuma ba a bukatar ya yi. Auta ya sauke gilashi ya ƙyasta, shuɗin haske ya cika rumfar, yara suka watse suna rufe ido.

Masu nazarin Hausa sun yi wa ƙira hidima. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara kalmominta, Philip Jaggar kuma ya fitar da littafi a kan maƙeran birnin Kano a 1994. Amma Hausar bakin gareji tana nan tana yawo ba mai rubuta ta, kuma ba aron kalmomi kaɗai ba ce irin su nozul da bawul da amaca. Inji yana shan iska, yana tari, yana kwana da ruwa, yana mantawa a tuna masa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana nuni ga ciwo takamaimai da maganinsa, kuma yaron da ya ji ta ya san sufanar da zai ɗauka.

Wutar ta zo, amma aiki bai ƙare ba. Tsinke mai lamba 10, wanda kaurinsa milimita 3.2 ne, yana son amfiya 90 zuwa 130, kuma da zarar ya kama sai inji ya durƙusa, wuta ta yi sanyi, tsinke ya manne. Nan aka ga amfanin raba sa da amalanke, domin an san inda za a duba. Dattijo ya dawo ya saurara, ya ce sifirin ɗin gwamna ya saki, ba ya ƙara mai da sauri in kaya ya hau. Ya ɗaure shi kaɗan-kaɗan yana sa Auta ya ƙyasta, har muryar ta daina faɗuwa. Ragowar raunin kuma riwaya ya gano shi da tafin hannu. Bayan an yi walda na ɗan lokaci aka tsaya, ya bi doguwar wayar yana shafawa, duk inda ya ji zafi ya ce a yanke, domin mahaɗin da ya yi tsatsa yana cin wuta ya mayar da ita zafi tun ba ta kai ga tsinke ba. Mahaɗi uku aka yanke, aka sauya maƙalin ƙasa. Auta ya ja layi ɗaya a kan ƙarfe mai kauri, ya bari ya huce, ya ƙwanƙwasa, kashin ya ɓare da kansa, ƙarƙashinsa ɗinki ya kwanta sumul. Saura kwana shida salla.

Bayan salla aka kira malamin unguwa da masu walda biyu su yi ƙima. Suka sa aka tayar, kowannensu ya ƙona tsinke, suka koma gefe suka yi shawara, suka faɗi kuɗin da ya ninka tayin 'yan gwangwan kusan sau uku. Sai a lokacin Auta ya ga inda gyaran ya kai shi. Da mushe aka ƙimanta, da rabonsa ya haɗiye shi har da canji. Yanzu kuwa injin ya fi rabonsa nesa, kuma bambancin bashi ne a wuyansa ga 'yan'uwansa. Ya ce a cire abin da ya kashe, malam ya ce wannan daidai ne, aka cire kuɗin nozul da burushi da ladan riwaya da na mota. Ya ce wahalarsa fa, ta wata biyu? Babban wa ya ce ba wanda ya sa shi, shi ya roƙa. Maganar ta yi zafi, har sai da mahaifiyarsu ta yi magana daga bayan labule, ta ce ta yafe tumuninta a cikin injin. Ba za a ce wan ya yi zalunci ba, domin haƙƙin mata biyu yake karewa, ɗaya ma da marayunta.

Aka rubuta sauran a takarda, zai biya cikin damina biyu. Babbar yayarsa, wadda ke aure a wani ƙauye ta hanyar Jahun inda turakun lantarki ba su kai ba, ta ce ita ba ta son kuɗi, ƙofar ƙarfe take so da tagogi biyu. Aka ɗaura injin a bayan amalanken shanu aka kai shi. Kafin ya gama ƙofar, manoma sun ji ƙara sun fara jawo garmunan shanu da suka karye da ƙafafun amalanke, domin ruwa ya sauka, huɗa ta kama, kuma kafin wannan sai sun ɗauke su zuwa Dutse su jira wuta. Kwana goma sha ɗaya ya yi a ƙauyen, wasu suka biya da kuɗi, wasu suka ce sai kaka. Man gas yana cinye kusan rabin abin da ya shigo. Silinda ta biyu tana nan tana shuɗin hayaƙinta, kullum da safe sai ya ƙara baƙin mai kafin ya kama hannu, kuma mai kwance injinan nan na Ƙofar Ruwa ya ce a ba shi zuwa bayan kaka, zai nemo zobban.